Rigar Allon Baba

Shekara shida ina karanta wa Baba littafi, kullum ƙarfe huɗu na yamma, ba fashi sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni. Shekara shida fa. In rufe keken ɗinki, in karkaɗe zaren jikina, in hau sama da kofin shayinsa, in zauna a kujerar bakin taga, in buɗe inda muka tsaya jiya. Sai ga Auta daga can inda take ta aiko da wani abu a ɗan kwali, cikin mako guda ta raba ni da kujerata.

Auta ƙanwata ce, ma'aikaciyar jinya a wani babban asibiti, tafiyar yini guda daga gida. Sau biyu take zuwa a shekara, ta zo da turare da dariya, ta kwana uku, ta tafi ta bar mini wanke-wanke. Ni ce babba, ni ce ta gida. Sana'ata ɗinkin jakunkunan mata, shagona a ƙasa, ɗakin Baba a sama. Shi kuwa Baba duk ƙarfinsa a maɗaba'a ya ƙare, aikinsa duba rubutu kafin a buga, shi ne mai kama harafin da ya kife da layin da ya faɗi. Shekara guda bayan rasuwar Mama idonsa ya fara rauni, ƙananan haruffa suka daina zama masa wuri ɗaya. Ranar da ya rufe littafi ya juya fuskarsa bango, ni ce na ɗauko littafin na ce, "Baba, kawo in karanta maka." Daga nan aka fara.

Abin da Auta ta aiko na'urar karanta littattafai ce, siririya, ba ta fi ƙaramin faranti faɗi ba. Littattafai ɗari da wani abu ta zuba masa a ciki, har da waɗanda ke kan kantarsa, kuma ana iya ƙara girman haruffan su yi ɓaro-ɓaro kamar ƙwayar wake. Baba ya sa mata suna allo. Ni ban sa mata suna ba, "abar nan" nake ce mata.

A waya Auta ta koya masa. Awa guda cur ina tsaye riƙe da wayar kusa da kunnensa, ita tana ta "Baba danna nan, Baba taɓa can," shi yana ta dariya kamar an ba shi sabuwar mota. Washegari ƙarfe huɗu na hau da shayi da littafinmu a hammata. Bai ko ɗago ba.

"Uwata, ajiye shayin," ya ce. Sunan da yake kirana ke nan tun ina ƙarama. "Yau ni zan gwada da kaina. Je ki huta."

In huta. Wa ya ce masa na gaji? Na sauka shago na zauna gaban keke, na ɗinke zif ɗin wata jaka a juye, na farke, na sake ɗinke shi a juye. Gobe haka, jibi haka. In na kai masa abinci kuwa, zance ɗaya ne: "Yarinyar nan ta san abin da ya kamace ni. Kai, Auta akwai basira." Ni da na yi shekara shida maƙogwarona na bushewa, ban taɓa jin an ce ina da basira ba. Kishi na ji, ba wani suna da zan ba shi. Ina kishin ƙanwata, ina kishin wani guntun gilashi da roba, kuma na san abin kunya ne ga mace mai shekara arba'in da biyar, amma sanin bai rage komai ba.

Mako uku ana haka. Ran nan da hantsi na ji ƙarar faɗuwar abu a sama. Gyangyaɗi ya ɗauki Baba, abar ta zame daga cinyarsa ta daki siminti. Kusurwa ɗaya ta ɗan ɓantare, amma tana aiki. Na same shi yana shafa wurin da yatsa, fuskarsa duk ta canza.

"Uwata, ba za ki ɗinka mata riga ba? Kada in kashe wa yarinyar nan kayanta."

Saura kaɗan in ce masa ita da ta iya saye ai ta iya sayen riga. Na haɗiye. Ina saukowa wani tunani ya zo mini: ita saye ta yi, ni da hannuna zan yi. Zan ɗinka rigar da duk lokacin da ya ɗauki abar, aikina zai fara taɓawa kafin ya taɓa nata.

Na ajiye jakunkunan mutane gefe, yini biyu na ba ta. Na kwantar da ita kan takarda na zagaye ta da fensir, na ƙara rabin yatsa kowane gefe. Na yanko kwali mai tauri guda biyu, na gaba da na baya, na bar tazara a tsakiya yadda za ta naɗe kamar bangon littafi. Na manna soso siriri a kan kwalin da gam, saboda faɗuwa. Fatar waje kuwa, wata mai ruwan ƙasa na ɗauko, wadda na daɗe ina ɓoyo na hana masu jaka. Na goge bakinta da reza har ta yi laushin naɗewa ba tare da ta yi tudu ba. Ƙyallen ciki na yanko daga tsohuwar rigar aikinsa ta maɗaba'a, na zaɓi daidai aljihun da tabon tawada yake, don in ya buɗe ya gane abinsa. Kusurwa huɗu na sa roba mai ƙarfi, na ja ta tam, yadda ko juye ta aka yi aka girgiza ba za ta fito ba. Ɗinkin bakin ma ban yarda da keke ba, da basilla na huda, na bi da zare biyu.

Saura abin rufewa. Na zazzage gwangwanin maɓallan jaka, irin masu maganaɗisu waɗanda ke kama junansu da kansu, na zaɓi wanda ya fi kowanne ƙarfi, saboda yatsun Baba ba sa iya fama da maɓalli mai rami. Rabi na sa a ɗan harshen fata da ke zagayowa daga gaba, ɗaya rabin na binne a bangon baya, dab da gefe, na lanƙwasa ƙafafunsa da filaya, na rufe da ƙyalle. Da na gama na riƙe ta a hannu na ce, to Auta, sayo irin wannan in kin isa.

Baba ya juya ta gaba da baya, ya shinshina fatar, ya ga tabon tawadar ya yi murmushi. "Wannan aljihuna ne," ya ce. Na ji sanyi har cikin raina. Na zura abar a ciki, na ja robobin, na miƙa masa.

Ya danna. Fuskar ta yi haske kamar ƙiftawar ido, ta mutu. Ya sake dannawa, ta sake yin haka. Sau biyar.

"Faɗuwar nan ce," ya ce a hankali. "Ta yi mata lahani a ciki, sai yanzu ya fito. Ni na kashe ta."

Na ce wataƙila caji ne, bari in sauka da ita in jona. A shago na zare ta daga rigar don in ga ramin cajin da kyau. Ina zare ta ta farka, haruffan nan ɓaro-ɓaro suna kallona. Na mayar da ita, ta mutu. Na zare, ta farka. Na tsaya ina kallon rigar, sai na ɗauko wani maɓalli daga gwangwani na matso da shi bayanta a hankali. Ina kaiwa daidai gefen nan, ɗif. Na janye, ta dawo. Ashe an yi ta ne yadda in ta ji maganaɗisu a wurin za ta ɗauka an rufe ta, ta yi barcinta. Ni kuma na je na dasa mata shi a daidai wurin, dare da rana.

Kuskure ne, wallahi kuskure ne, ban san da wannan ba. Gyaran kuma bai fi minti biyar ba: reza, filaya, a cire maɓalli. Rezar ma tana gabana. Amma zan faɗi gaskiya, daɗi na ji. Wani daɗi mai ɗumi ya taso mini tun daga ciki, har na yi dariya ni kaɗai a shago. Na mayar da ita cikin rigarta, na ja robobin nan huɗu da na san yatsun Baba ba za su iya ɓamɓarewa ba, na hau sama.

"Na jona ta, Baba. Ba ta tashi ba."

Ya karɓa ya ajiye ta kan teburin gefen gado, ya ɗora tabaransa a kai. "Kada ki gaya wa ƙanwarki," ya ce. "Ta wahala ta saya. In ta zo na san yadda zan yi mata bayani."

Ƙarfe huɗu na hau da shayi da littafi, na zauna a kujerata. Kai, ranar har muryoyi na yi masa, na tsoho daban, na yarinya daban. Ya saurara, ya gyaɗa kai inda ya kamata, ya ce sannu da na gama. Na sauko ina waƙa.

Kwana na huɗu Auta ta kira ina ɗakin. Na ji muryarta ta cikin wayar tana tambaya, "Baba, ya allo?" Baba ya dubi teburin, ya dubi ƙasa. "Lafiya lau," ya ce. "Ina jin daɗinsa. Yayarki ma ta ɗinka masa riga, sai kin gani." Mutumin da ko a wasa ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, mutumin da ya taɓa mayar da ni shagon unguwa da ƙafa saboda na ce an aike ni alhali ba a aike ni ba. Da ya ajiye wayar bai kalle ni ba, kunya yake ji. Ni kuwa na gyara zama na ce, "Ina muka tsaya?" Abin ya ɗan soke ni, ban musa ba, amma na danne. Na ce wa kaina ai ga shi nan yana samun karatunsa, me ya rasa?

Kwana na tara na buɗe littafinmu, sai ya ɗaga hannu.

"Ajiye wannan. Ɗauko mini mai koren bangon nan, na kanta ta biyu."

Na san littafin. Labarin wani direban jirgin fito ne da matarsa, na karanta masa shi tun a shekararmu ta farko. Na ɗauko ina cewa, "Baba, ai mun gama wannan tuntuni."

"Buɗe babi na goma sha ɗaya."

Hannuna ya tsaya. A babin nan ne matar direban take kwance a asibiti. Mijin ya yi kwanaki a gefenta bai motsa ba, ranar da ya fita ɗan lokaci kaɗan ya dawo ya tarar an ja mata mayafi. Haka ta faru da Baba. Kwana goma sha ɗaya yana zaune gefen Mama, ya sauka ƙasa karɓo magani, minti goma, ya dawo ya same ni tsaye a bakin ƙofa. Shi ya sa lokacin da nake karanta masa littafin, da na hango inda babin ya dosa, na haɗa shafi goma sha huɗu na juye su gaba ɗaya. Na ƙirƙiri jimla guda daga kaina, na ce, "Bayan wata uku da rasuwarta, ya koma bakin aikinsa," na ci gaba. Shekara biyar ina ganin na yi dabara.

"Tun ranar na ji wurin," Baba ya ce. "Shekara talatin aikina ke nan, in an cire abu an haɗe bakin ina ji. Jimlar nan ba ta marubucin ba ce, taki ce. Ban dai san me kika cire ba, ban kuma tambaya ba. Da allon nan ya zo, shi na fara nema. Mako uku ina tafiya a hankali kafin in kai wurin. Shafi huɗu na karanta a babin, saura goma, na je na yar da shi ƙasa." Ya gyara tabarau. "Karanta mini sauran."

Na nemo wurin. Na fara. Mijin yana tsaye a layin karɓar magani, yana duba agogo, mutum uku ne a gabansa. Na ƙara sauri don in wuce. Ina kai ƙarshen layi in ɗago in dubi fuskarsa, in koma. Ban yi rabin shafi ba ya ce, "Tsaya."

Na tsaya.

"Gudu kike yi. Kuma kina kallona."

"Baba, ai don kada…"

"Na sani. Don ni kike yi, tun farko ma don ni kika yi." Ya gyara zama. "Uwata, in ke kike karantawa, fuskata nake gyarawa saboda ke. In abu ya taɓa ni sai in haɗiye, don na san za ki rufe littafi ki ce shayi ya huce. A allon nan akwai layi ɗaya da na karanta sau bakwai. Na ajiye, na yi kukana, na ɗauka na sake karantawa. Ba wanda ya ce mini mu wuce. Shekara bakwai ban samu inda zan zauna da maganar uwarku ni kaɗai ba, sai a wurin nan." Ya miƙa hannu ya shafa fatar rigar da na ɗinka. "Bar shi kawai. Ba rabona ba ne. Rufe, mu koma wancan."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina zaune da koren littafi a cinya, ina kallon hannunsa a kan aikina, fatar da na ɓoye wa masu jaka, ɗinkin da na bi da basilla. Ko a lokacin, don kada in yi wa kaina ƙarya, akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa: ashe abin Auta ya ba shi abin da ni ban ba shi ba. Kishin bai tafi ko'ina ba. Kunya ce dai ta zo ta fi shi nauyi.

Na tashi na sauka shago, na ɗauko reza da filaya. Da na sauko da allon na yi gyaran a ƙasa, da na hau na ce masa ta tashi da kanta, kuma da ya yarda. Na yi tunanin haka a kan matakala, har na tsaya. Sai na ƙarasa hawa.

A gabansa na zauna. Na ɗauki abar, na zare ta daga robobin. Ta farka nan take, a daidai shafin da ya tsaya, mutumin nan yana layin magani. Na ajiye ta kan gado. Na farke ƙyallen bangon baya, na miƙe ƙafafun maɓallin da filaya, na zaro shi na ɗora a tafin hannuna.

"Wannan ne," na ce. "Maganaɗisu ne. In yana kusa da ita sai ta ɗauka an rufe ta. Faɗuwar ba ta yi mata komai ba."

Baba ya dubi maɓallin, ya dubi allon, ya daɗe. Sannan ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa takarda.

"Yau kika gane?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Da na sauka da ita."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kina zaune a nan na yi wa ƙanwarki ƙarya."

"Ina zaune."

"Kwana tara ina kwana ina tashi da cewa ni na kashe."

Na mayar da allon cikin rigar, na ja robobin, ya ci gaba da haskensa. Na miƙa masa da hannu biyu, na kwashi rezata da filayata na nufi ƙofa. A raina na riga na gama: kujerar nan da na yi wannan aika-aika dominta, yau na rasa ta gaba ɗaya, kuma ni na jawo.

"Ina za ki?"

"Shago, Baba."

"Dawo ki zauna." Bai ɗago daga allon ba. "Amma juya kujerar ta kalli taga. Kada ki ce komai, kada kuma ki waiwayo. In na gama ki kira ƙanwarki. Ni na faɗi tawa ƙaryar, ke za ki warware mata, tun daga farko."

Na juya kujerar. Ni da ko a layin asibiti ba na iya minti biyu ban yi magana ba, na zauna na kama bakina, maɓallin yana dunƙule a hannuna. A titi wani yana ta fama da motar da ta ƙi tashi. A bayana ba abin da nake ji sai ɗan taɓin yatsarsa a kan gilashi in zai juya shafi. Taɓi, shiru, taɓi. Can sai taɓin ya tsaya, ya daɗe bai dawo ba. Na ji numfashinsa ya canza, na ji ya zare tabarau ya ajiye a kan tebur.

Wuyana har ciwo yake don son in waiwaya. Shayinsa yana kan taga kusa da gwiwar hannuna, ya huce tuntuni, bakina ya buɗe zan faɗa. Na rufe shi, na ci gaba da kallon mai motar.